MAGANAR ALLAH A BAKIN 'YAN ADAM



Kowace Lahadi, idan mai karatu ya kammala karatunsa a Misa, yakan shaida mana cewa abin da muka ji Maganar Ubangiji ce, mu kuwa mukan amsa da godiya ga Allah. Amma akwai tambayar da take damun da yawa a cikinmu. 'Ya'yanmu sukan dawo daga makaranta su ce malamin kimiyya ya koya musu cewa duniya ta daɗe da miliyoyin shekaru, alhali Littafin Farawa ya yi maganar kwana shida. Masu wa'azi kuma sun cika kasuwa da rediyo, kowa da ayarsa a hannu, kowa yana cewa tasa fassarar ce daidai. To, idan Littafi Mai Tsarki Maganar Allah ne, lalle ne mu ɗauki kowace kalma bisa ga harafinta? In kuwa ba haka ba, ina za mu tsaya?

Bari mu fara da abin da ba ya girgizuwa. Ikilisiyar Katolika ta gaskata cewa littattafai 73, wato 46 na Tsohon Alkawari da 27 na Sabon Alkawari, dukansu hurarru ne na Ruhu Mai Tsarki, kamar yadda manzo Bulus ya koya wa Timoti (2 Timoti 3:16). A nan nahiyarmu ta Afirka bishop-bishop suka taru a Hippo a shekarar 393, da Kartej a 397, suka lissafa waɗannan littattafai, Majalisar Tirent kuma ta tabbatar da lissafin a 1546. Ba mu zaɓen wani mu yar da wani.

Sai dai dole mu gane yadda wannan hurewa ta kasance. Maƙwabtanmu Musulmi sun gaskata cewa an saukar da Alƙur'ani cikin Larabci, kalma bayan kalma, ta hannun mala'ika Jibrilu. Wannan imaninsu ne, muna kuma mutunta su a kansa. Amma da yake harshe ɗaya muke yi, kasuwa ɗaya muke ci, da yawa daga cikinmu sun ɗauka haka ma namu Littafin ya zo. Koyarwar Ikilisiya dabam take. Majalisar Batikan ta Biyu, cikin takardarta mai suna Dei Verbum ta ran 18 ga Nuwamba, 1965, ta bayyana cewa Allah ya zaɓi mutane, ya yi aiki a cikinsu, suna amfani da hankalinsu da baiwarsu, har suka rubuta abin da yake so a matsayin marubuta na ainihi. Sun yi rubutu da Ibrananci da Aramiyanci da Helenanci, cikin tsawon shekaru kusan dubu.

Littafin da kansa bai ɓoye wannan ba. Luka ya fara Bishararsa da bayanin cewa sai da ya bi diddigin al'amura daga waɗanda suka gani da ido. Bulus ya gaya wa Korintiyawa cewa bai tuna ko ya yi wa wani baftisma ban da waɗanda ya ambata ba. Ya kuma roƙi Timoti ya kawo masa alkyabbar da ya bari a Taruwasa. Muryar mutane ce muke ji a nan, mutanen da suke bincike, suke mantuwa, suke jin sanyi, duk da haka Allah ne yake magana ta bakinsu. Uba mai ƙauna yakan tsuguna ya yi wa ƙaramin ɗansa magana da irin kalmomin da yaron zai gane, wannan kuwa ba ya rage girman uban. Haka Kalman Allah ya zama mutum a cikin Budurwa Maryamu, haka kuma Maganarsa ta sa rigar harshen 'yan Adam.

Tun da haka ne, wajibi ne mu tambayi abin da marubucin yake nufi, da irin rubutun da ya yi. Mu masu jin Hausa mun fi kowa sanin wannan. Idan aka ce rana ta faɗi, ba wanda yake fita neman inda ta faɗa. Idan aka ce cikin wane ya ɗuri ruwa, mun san tsoro ne ya kama shi. Ba ma sauraron kirarin sarki kamar yadda muke sauraron shaida a gaban alƙali, kuma ba wanda yake kiran maroƙi maƙaryaci don ya ce da sarki giwa. Littafi Mai Tsarki ma yana ɗauke da tarihi, da shari'a, da waƙa, da karin magana, da misali, da wasiƙa, da wahayi. Kowane yana faɗin gaskiya ta hanyarsa.

Mu dubi Farawa. A sura ta ɗaya an halicci tsire-tsire da dabbobi kafin mutum, a sura ta biyu kuwa an fara da mutum kafin a yi dabbobi. Rana ma ba a yi ta ba sai a kwana na huɗu. Wanda ya haɗa surorin nan biyu ba makaho ba ne, ya ga bambancin, ya bar su tare domin darasinsa ya fi lissafin kwanaki girma. Al'ummai da suke kewaye da Isra'ila suna yi wa rana da wata sujada, sai ya koya mana cewa fitilu ne kawai da Allah ɗaya ya rataya, cewa halitta mai kyau ce, cewa namiji da mace duka suna ɗauke da kamannin Allah. Tun fiye da shekara 1,500 da suka wuce, Waliyyi Agustin, bishop na Hippo, ya gargaɗi Kirista kada su riƙa faɗin shirme a kan sama da ƙasa da sunan Nassi, don kada masana su raina bangaskiyarmu. Kuma wani fada Katolika ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaître, yana cikin na farko da suka nuna a 1927 cewa sararin samaniya yana faɗaɗa. Saboda haka iyaye, kada ku tilasta wa 'ya'yanku su zaɓi tsakanin aji da coci.

Kada wani ya ce wannan gardamar malamai ce kurum, gama rayuka suna salwanta a kanta. A 1991 wani mai wa'azi ya kutsa cikin kejin zakuna a gidan namun daji na Jami'ar Ibadan, yana so ya maimaita abin da ya faru da Daniyel, zakunan suka hallaka shi. A 2023 aka fara tono gawawwaki a dajin Shakahola na ƙasar Kenya, har suka haura 400, da yara a cikinsu, mutanen da aka koya wa su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. A garuruwanmu ma akan hana mara lafiya shan magani da sunan bangaskiya, alhali sura ta 38 ta Littafin Sirak ta umarce mu mu girmama likita, Luka mai Bishara ma likita ne. Mu tuna cewa Shaiɗan da kansa ya jawo aya daga Zabura ta 91 don ya sa Yesu ya diro daga kan Haikali. Ubangiji ya amsa masa da wani Nassi, wanda ya hana gwada Allah. Ashe riƙe aya ba shi ne riƙe gaskiya ba.

Akwai kuma rami a ɗaya gefen hanya. Wasu sukan ce tun da akwai misalai a ciki, to, kome misali ne, har mu'ujizai da tashin Almasihu daga matattu. Wannan ɓata ce. Masu Bishara sun rubuta mutuwar Yesu a zamanin Buntus Bilatus da tashinsa a matsayin abin da ya faru, manzanni kuma suka ba da jininsu shaida. Da Ubangiji ya ce gurasa jikinsa ce, ruwan inabi kuma jininsa, mun karɓi maganar yadda take, ko da yake almajirai da yawa sun juya masa baya saboda irin wannan koyarwa (Yahaya 6). Da ya ce a ƙwaƙule idon da yake sa mutum zunubi, Ikilisiya ba ta taɓa ba kowa wuƙa ba, gama ta san yana nuna mana munin zunubi ne.

Wa zai rarrabe mana wannan da wancan? Baban nan na Habasha, ma'ajin sarauniya, yana karanta Ishaya cikin karusarsa, amma ya yarda ba zai gane ba sai wani ya bi da shi, Allah kuwa ya aiko masa da Filibus (Ayyukan Manzanni 8). Bitrus ma ya ce akwai wurare masu wuya a wasiƙun Bulus, waɗanda marasa sani suke karkatarwa su hallaka kansu. Ikilisiyar da ta adana Littafin nan ita ce uwar da take koya mana karatunsa.

Don haka muna roƙonku abu uku. Na farko, kada ku yanke aya daga surarta, ku karanta abin da ya zo gabanta da bayanta. Na biyu, ku auna kowace fassara da Almasihu, gama duk fassarar da take haifar da ƙiyayya ko take jefa rai cikin hallaka ba daga Ruhunsa ta fito ba. Na uku, ku riƙa karatu tare, a gida, a Zumuntar Mata, a taron matasa, ku kawo abin da ya shige muku duhu ga katikis ko Fada. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki a Hausa. Kada ya zama kayan ado a kan tebur, ko laya a ƙarƙashin matashin kai.

Ruhu Mai Tsarki, wanda ya hure annabawa da manzanni, ya buɗe hankalinmu mu gane Maganarsa, ya kuma ba mu ikon aikata ta, ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.