Taya Ta Fashe: Ƙaddara Ce Ko Sakaci?

Idan aka gama girbi, watan Disamba ya kama, hanyoyin da suka tashi daga Dirin Daji zuwa Zuru da Rijau har Kontagora sukan cika da iyalai masu zuwa gida domin Kirsimeti ko bikin Uhola. Maigida yana gaba, uwargida da yara suna baya, buhunan dawa kuma suna cikin akori-kura ko a ƙaramin amalanken da aka ɗaura wa mota tana ja. A irin wannan tafiya ne taya takan fashe. In an tsira mukan ce Allah ya kiyaye. In an yi rashi mukan ce haka Allah ya ƙaddara, mu yi shiru. 'Yan'uwa, ko wannan magana ta isa ta sauke nauyi daga kan wanda ya shirya tafiyar?

Bari mu fara da tayar kanta. Ba kasafai take fashewa ba tare da ta yi gargaɗi ba. Idan iska ta yi mata kaɗan, ko kaya ya fi ƙarfinta, gefenta yakan riƙa lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi, zafi ya taru a cikinta har robar ta rabu da wayoyin da ke riƙe da ita. Tsufa ma yana busar da roba ta tsattsage, ko da zanenta bai cinye ba. Tun shekarar 2000 masu ƙera taya suna buga lambobi huɗu a gefenta: biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ke ɗauke da 2319 an yi ta ne a mako na 23 na 2019. Tayoyin amalanke kuwa su ne marayu, domin yawanci waɗanda mota ta gama da su ake mayar masa, su kwana su wuni a rana shekara guda ba mai dubawa, sa'an nan rana ɗaya a labta musu buhu goma.

Kada mu ɗauka masifar talaka ce kaɗai. A ranar 6 ga Maris, 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar baya ta motarsu ta fashe. Binciken hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ya ambaci gudu fiye da ƙima da taka birki da ƙarfi. Dukansu ayyukan hannun mutum ne.

Waliyyi Toma Akwinas ya raba rashin sani gida biyu. Akwai wanda mutum ba shi da hanyar kawar da shi, wannan ba laifi a kansa. Akwai kuma wanda ya wajaba mutum ya kawar, yana da iko, amma ya ƙi. Ƙusar da ke kwance a kwalta cikin duhu tana cikin na farko. Kumburin da maigida ya gani a gefen taya da safe, ya kau da kai don kada a makara, yana cikin na biyu. Haka nan safayar da ba iska a cikinta, da jak ɗin da aka bari a gida domin buhu ɗaya ya samu wuri. Wanda ya kira wannan ƙaddara ya ɗora wa Mahalicci abin da shi ya aikata.

Za a ce mana: Fada, ka san kuɗin sabuwar taya kuwa? Mun sani. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Ikeja a 2008, sai daga waje ake kawo yawancin tayoyinmu, kuma farashinsu yana bin dala. Manomin da ya sayi tayar gwanjo bai sayi ganganci ba, abin da aljihunsa ya kai ke nan, kuma talauci yana rage nauyin laifi ƙwarai. Sai dai bai shafe shi duka ba. Tsayawa wurin mai faci a auna iska bai kai kuɗin mudun dawa ba. Rage buhu biyu a dawo musu gobe, ko tashi da sassafe kafin kwalta ta ɗau zafi, ba ya bukatar ko kwabo. Mai tsohuwar taya shi ya fi kowa bukatar tafiya a hankali, amma sau da yawa shi ne ke tsere don ya riga dare.

Abin da ya fi damun mu shi ne wanda ke biyan bashin. Baligin da ya hau mota shi kaɗai ya san abin da ya zaɓa. Yarinyar da ke barci a cinyar uwarta ba a tambaye ta ba. Ta amince ne kawai domin babanta ya ce a hau. A wannan yanki namu kuma, inda 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Sakaba da Danko-Wasagu, iyalin da taya ta tsayar a daji da magariba ba safaya suna fuskantar abin da ya wuce jinkiri.

In kuwa ta fashe duk da an yi abin da ya kamata, sai direba ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya sassauta totur a hankali, kada ya danna birki, musamman in yana jan amalanke, domin nauyin baya zai iya murɗe motar ta kife. In ta tsaya, a fitar da mata da yara nesa da kwalta, a sa alama daga nesa, a danne sauran tayoyin da dutse kafin a ɗaga jak.