Rokoki Biyu

A shekarar 2003 wani akanta daga jihar Tennessee mai suna Chris Moneymaker ya samu gurbi a babbar gasar karta ta foka a Las Vegas, bayan ya ci wata ƙaramar gasa a intanet. Ya tashi da dala miliyan 2.5. An nuna wasan a talabijin, har da katunan da kowa ke ɓoyewa, domin an dasa ’yar kyamara a bakin teburi. Daga nan samarin Amurka suka yi ca a kan wasan.

Cikinsu akwai wani bakanike a wani ƙaramin gari na Texas. Tun bai iya wasan ba ya haddace yarensa. Ya san as biyu, wato katuna masu ɗigo ɗaya, su ne rokoki, sarki biyu kaboyi ne, ƙananan katunan da ba su haɗa komai ba tsummokara ne, hannu mai ƙarfin gaske kuwa dodo ake ce masa. In yana magana a gareji sai ka rantse ya tsufa a gidan caca.

Yana da kawu, ƙanin mahaifiyarsa, wanda ya daɗe yana raba karta a Las Vegas kafin ya ajiye aikin. Ran nan yaron ya je masa da labarin ya tara dala 4,000, zai tafi gwada sa’a.

Tsohon ya ce, “Ɗana, wane hannu ne ya fi kowanne?”

“Rokoki mana, Kawu.”

“Kafin a buɗe komai, haka ne. In abokin karawarka ɗaya ne, suna cin kusan 85 cikin 100. Amma katunanka biyu ne kawai. Akwai biyar da za a shimfiɗa a tsakiya, na kowa da kowa. Abin da muke kira nots, wato hannun da babu mai doke shi, ba a riƙe shi tun farko. Duk katin da aka buɗe yana iya ɗauke shi daga wurinka ya miƙa wa na kusa da kai.”

Yaron ya ce ai ko goma da biyu, da ba su da wani ƙarfi, suna da sunan gwarzo, Doyle Brunson.

A nan tsohon ya gyara zama, don labarin zamaninsa ne. Brunson ya ci gasar duniya a gidan Horseshoe na iyalan Binion sau biyu a jere, 1976 da 1977, kuma duka biyun da goma da biyu ya ƙarasa. A karon farko Jesse Alto na riƙe da as da jak. Aka buɗe as, jak, goma. Alto ya yi gaba nesa, duk kuɗi ya hau teburi. Sai biyu ta fito, sannan goma, Brunson ya tashi da goma uku da biyu biyu. Shekara ta zagayo, abin ya sake faruwa da Gary Berland: biyu a kati na huɗu, goma a na ƙarshe.

“To ka ji,” in ji tsohon. “Sai bayan sa’a ta zo aka raɗa sunan. Da hannuna na raba wa mutane goma da biyun nan, na ga sun zuba kuɗin hayar gida saboda sunan Brunson. Ba wanda ya raɗa wa asararsu suna.”

Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma ni a ganina masu gidajen caca sun fi kowa sanin haka. Mutumin da aka ce masa yana riƙe da takarda biyu masu ɗigo ɗaya ɗaya zai iya ajiye su. Wanda aka ce masa rokoki ne a hannunsa, da wuya ya saki. Abin yana ba ni takaici, domin yawanci masu ƙaramin ƙarfi ne ke biyan kuɗin wannan kirari.

Yaron ya tafi. A dare na biyu ya ɗaga gefen katunansa, sai ga as biyu, duka baƙaƙe. Ya ƙara kuɗi, wata dattijuwa mai tabarau ta bi shi. Aka buɗe bakwai, takwas, tara, dukansu jajaye masu alamar zuciya. Ko ɗan koyo ya san abin da wannan ke nufi: duk mai riƙe da zuciya biyu ya haɗa biyar iri ɗaya, kuma hakan ya fi as biyu nesa ba kusa ba. Shi ma ya sani, ya karanta. Ya zuba kuɗi, dattijuwar ta ninka. Ya dube ta, ya sake leƙa katunansa, ya bi.

Kati na huɗu sarki ne baƙi. Ya tura duk abin da ke gabansa. Ba ta ko yi jinkiri ba, ta buɗe biyar da biyu masu alamar zuciya, irin waɗanda yake kira tsummokara. Mai rabo bai buɗe kati na ƙarshe ba tukuna, amma babu ko ɗaya a cikin sauran da zai cece shi; ko as na uku ne ya fito, ba zai kai ba. ’Yan wasa na da sunan wannan hali, suna cewa mutum yana jan kati a mace. Shi ma wannan ya haddace shi tun a gareji.

Kuɗin motar komawa gida ma sai da ya bugo wa kawun waya. Da ya iso, tsohon bai yi masa faɗa ba. Ya sa shi ya jera katunan a kan tebur yadda suka fito, ya nuna jajayen nan uku da yatsa.

“Da aka buɗe waɗannan, me kake riƙe da shi?”

Yaron ya yi shiru, can ya ce, “As biyu, Kawu.”

“To. Kuɗin mota dala 120 ne. Ka riƙa kawo ashirin duk Juma’a.”