TAKARDAR GWAJIN HPV BA SHAIDAR ZINA BA CE



Kwanakin baya, bayan sallar Asuba a nan Badawa, wani bawan Allah ya tsayar da ni a ƙofar masallaci da takarda a hannunsa. An yi wa matarsa gwajin bakin mahaifa, an ga HPV. Ya shiga intanet ya karanta cewa ta hanyar saduwa ake ɗaukarta. Tambayarsa ɗaya ce: "Malam, saki nawa zan yi?"

Na ce masa, zauna tukuna.

'Yan uwa, HPV ba ƙwayar cuta ɗaya ba ce, dangi ne guda, sun haura nau'i 200, kowanne da lambarsa. Mafi yawansu garkuwar jiki ke kawar da su cikin shekara ɗaya ko biyu, mutum bai ma san ya ɗauka ba. Lamba 6 da 11 ƙananan tsiro suke kawowa a al'aura, ba kansa ba. Masu haɗarin goma sha wani abu ne, kuma 16 da 18 kaɗai su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na kansar bakin mahaifa. Daga kamuwa zuwa kansa yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20.

To a nan fa fiƙihun yake. Ƙwayar tana iya kwanciya shekaru a jiki. Namiji yana ɗauke da ita ba alama ko ɗaya. Mu kuma al'umma ce da ake aure a rabu a sake, a auri bazawara, a ƙara ta biyu da ta uku, duk halal. Takardar ba ta faɗin yaushe aka ɗauka, ba ta faɗin daga wa. Na tambayi mutumin, wannan ne aurenka na farko? Ya sunkuyar da kai, ya ce na uku.

Shari'a ba ta yi wasa da mutuncin mace ba. A farkon Suratun Nur an ɗora wa mai tuhuma shaidu huɗu, in ya kasa bulala 80, miji kuma sai li'ani da rantsuwoyinsa masu nauyi. Wai duk wannan katangar ce lambar ɗakin gwaji za ta rushe? Wallahi ƙazafi ne, ko da a cikin ɗaki ka faɗa mata.

Abin da ya fi damuna, duk matar da ta ji labarin irin wannan sakin ba za ta je gwaji ba. Za ta yi shiru har sai jini ya fara zuba bayan saduwa, ko bayan ta daina al'ada, ta yi ta jiƙe-jiƙe, a kai ta asibiti lokaci ya ƙure. A 2020 mata kusan 12,000 suka kamu a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Alhali amfanin sanin lambar ke nan: in 16 ko 18 aka gani, sai a gaggauta duba bakin mahaifar, a magance wurin da ya fara sauyawa tun bai zama kansa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace ta fara gwajin daga shekara 30, ta maimaita duk shekara 5 zuwa 10. Mai ɗauke da HIV daga 25. Ku tambaya a Asibitin Malam Aminu Kano ko Asibitin Nassarawa da ke kusa da mu. A nemi ma'aikaciya mace, in babu, larura tana da hukuncinta. Kuɗin mota da na gwaji kuma, maigida, kai ya kamata ka fitar.

Rigakafin 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 da aka fara a Oktoban 2023, har da Kano, waɗannan lambobi huɗun yake tarewa. Na san abin da Pfizer ta yi a garin nan a 1996 bai bar zukata ba, zan yi rubutu na daban a kai in sha Allah.

Mutumin dai bai yi sakin ba. Shi ya kai ta asibiti ranar da aka ce ta koma. Allah Ya ba ta lafiya.