Jama'a, Mu Ji Tsoron Allah Kan Abin da Muke Ja a Bayan Mota

'Yan'uwa, abin da ya faru a bakin kasuwar unguwarmu ya hana ni sakat. Wata akori-kura ce ta janyo 'yar tirela, irin wadda masu walda ke haɗawa da ƙafafun tsohuwar mota, an labta mata buhunan masara. Direban ya taka tudun rage gudu bai sassauta ba, tirelar ta kuɓuce, ta gangara kan wata yarinya mai tallan gyaɗa, ta karya mata cinya. Da aka duba abin da ya haɗa tirelar da motar, sai ga ƙusa, 'yar inci shida, an lanƙwasa bakinta da guduma. Buhu goma na masara, tan guda ke nan, an rataya shi a wuyan ƙusa!

Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, direban ya sauko yana tafa hannu yana cewa, "Ƙaddara ce, kullum a haka nake ja." Haba malam! Ƙaddara ce ta lanƙwasa ƙusar? Ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ne ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya yi tawakkali ba? Mu kuwa mun mai da tawakkali mafakar ganganci.

Ba direban kaɗai nake zargi ba. Mai waldar da ya haɗa tirelar bai sa mata sarƙa ba, bai sa mata fitila ko ɗaya ba, ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. 'Yan dako sun tula kayan can baya don sauƙin saukewa, alhali duk wanda ya san aikin ya san kamar kashi 60 cikin 100 na kaya a gaban tayoyi ake ɗora shi, yadda kashi 10 zuwa 15 na nauyin zai danne mahaɗar. In nauyi ya koma baya, bakin tirela sama yake yi, ta riƙa wutsil-wutsil tana fizgar gindin mota. Mai masarar yana tsaye yana kallo, hankalinsa na kan kuɗin mota. Mu ma da muke zaune a bakin titi, sau nawa irin wannan ta wuce ta gabanmu, an ɗaure ta da waya ko igiyar roba, muka yi dariya? Sai da aka kwashi 'yar mutane zuwa asibiti kowa ya zama malami.

Ƙusa fa, jama'a! Motoci 'yan Beljiyam da yawa da ƙwallon ja suke zuwa, mai faɗin milimita 50, kuma akwai mahaɗar da aka yi daidai da shi, mai makulli. Amma sai mutum ya zura zoben da ya ga dama, ya ce ai ya shiga. Ana sayen buhu goma, ana ƙyashin kuɗin sarƙa. Hukumar kiyaye haɗurra tun 1988 take kan titunanmu, to ita ma ina idonta yake lokacin da tirela ba fitila ba sarƙa ke ratsa kasuwa? Takarda kawai ake tambaya?

Gyaran ba wuya: fil na ƙarfe mai kauri da makullinsa, sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin bakin tirela, fitilun birki, iskar taya, a rage gudu, a bar tazara, in ta fara lilo a ɗaga ƙafa daga totur kada a danna birki da ƙarfi.

Yarinyar nan tana kwance, uwarta na bin dangi neman kuɗin ɗori, direban kuwa na ji an ce ya koma aiki. Don Allah, don Annabi, direbobi, shugabannin tasha, limamanmu masu huɗubar Juma'a, ku yi magana. Kisan kuskure ma shari'a ta ɗora masa diyya da kaffara, balle wanda ya ga ƙusa da idonsa ya tayar da mota. Duk wanda ya ga an ɗaura tirela da ƙusa ko waya, ya tsayar da direban ya faɗa masa, ko da zai zage shi.