Mai Gadin da Ke Ciyar da Ɓarawo

Ƙarin ciwon daji ba ya iya wuce milimita 1 zuwa 2 sai ya samu jini. Iskar oksijin da abinci ba sa ratsa tsoka da nisa, don haka ƙwayoyin da ke tsakiyarsa sai su fara shaƙewa. Likitan Amurka Judah Folkman ne ya ja hankalin duniya ga wannan a 1971: ƙari ba ya girma sai ya jawo wa kansa jijiyoyin jini, kamar yadda mai sabon gini a unguwar Arkilla ke neman a ja masa famfo daga babban bututu.

Abin mamaki shi ne mai taya ƙari wannan aikin. Allah ya sanya wa jiki wasu fararen ƙwayoyin jini, makrofej, masu haɗiye ƙwayoyin cuta. In mutum ya ji rauni, su ne ke zuwa su kwashe datti, sannan su fitar da sinadarin VEGF, wanda ke sa sabbin jijiyoyi su tsiro har wurin ya warke.

To, ƙari ma irin kukan rauni yake yi. Da jin haka sai makrofej su taru inda iska ta yi ƙaranci, su zuba VEGF, su narkar da shingen tsoka don jijiya ta samu wurin wucewa. Shi ya sa a 1986 likita Harold Dvorak ya kira ƙari raunin da ba ya warkewa. Jijiyoyin kuwa karkatattu ne, suna yoyo, kuma ta cikinsu cutar ke sulalewa zuwa hanta ko huhu. Irin wannan yaɗuwa ce likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke fama da ita idan an makara wajen kawo majinyaci. Da taimakon makrofej ƙari ya kai ga haka: da ɗan gari akan ci gari.

Makrofej dai bai sauya hali ba. Aikin da ya warkar da rauni jiya, shi yake yi wa ƙari yau. Mai kukan ne bai tantance ba. Haka uwar da ke biyan bashin ɗanta mai caca a ɓoye, da kawun da ke rugawa beli duk lokacin da yaro ya ƙwace wayar wani. Tausayinsu na gaskiya ne, amma shi ke shayar da ɓarnar. Kafin a sake miƙa hannu, a duba taimakon da aka yi a baya: warkewa ya kawo, ko kumburi?