Gargaɗi Kan Kariyar Saman Mota: A Daina Ɗora Wa Rufi Abin da Ya Fi Ƙarfinsa

Wata mummunar ɗabi'a tana yaɗuwa a tashoshinmu da kasuwanninmu, daga Kore Mairuwa zuwa Tibiri, Dumega da Gesheme, har Dogon Dutsi da Matankari, kuma ya wajaba a faɗi gaskiya a kanta ba kwana-kwana. Mutum zai sayi tsohuwar Land Cruiser ko Hilux, motocin da aka ƙera don ratsa rairayi da daji, tun kafin ya duba birki da tayoyi sai ya zarce wurin mai walda a ɗora masa kariya a sama. Ranar kasuwa a jibge ta da buhunan hatsi da wake, da jarkoki, da babur, da awaki a ɗaure, sannan a ce samari su hau can bisa su zauna. Masu Hiace ma sun bi sahu. Wannan ganganci ne da rayukan bayin Allah, kuma shirun da muke yi yana ƙara masa gindin zama.

Kowa ya san dalilin da ya sa ake yi. Kore Mairuwa tana kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Dosso da Dogon Dutsi ta nufi Birnin Ƙonni da Maraɗi, amma yawancin ƙauyukanmu na Dallol Mawuri suna nesa da kwalta. Motocin da ke iya shiga can kaɗan ne, mai yana da tsada, manomi kuma yana son amfaninsa ya isa kasuwa a ranar da take ci. Masu fatauci zuwa kasuwannin iyaka irin su Bachaka a jihar Kebbi su ma sawu ɗaya suke so ya ɗauke musu komai. Buƙatar gaskiya ce. Sai dai buƙata ba ta ƙara wa ƙarfe ƙarfi, ba ta kuma sauya yadda nauyi ke aiki a kan mota mai gudu.

Kowace mota tana da iyakar abin da rufinta zai ɗauka, kuma kamfanin da ya ƙera ta yana rubuta shi a littafinta. A galibin ƙananan motoci iyakar tana tsakanin kilo 50 zuwa 100, wasu manyan motocin daji kan ɗara haka. Nauyin kariyar kanta yana cikin wannan lissafin. Kariyar baƙin ƙarfe mai tsawon rufi, irin wadda ake haɗawa a garejojinmu, ita kaɗai takan cinye kaso babba daga ciki. Babban buhun hatsi guda mai tiya 40 yana kai kilo 100. Ke nan buhu ɗaya ya isa ya cike iyakar rufin motoci da yawa. Wanda ya ɗora buhu goma ya aza tan guda cur a wurin da aka yi wa kilo 100. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, kuma jarka huɗu sun zama buhu. Waɗannan alƙaluman an tsara su ne don kwalta mai kyau. A hanya mai gargada, inda mota ke tsalle tana dira, kowace dira tana ninka bugun da kayan ke yi wa rufi, shi ya sa masu ƙera kariya na ƙwarai ke cewa a rage kayan sama idan za a shiga daji. Mu kuwa ranar shiga daji ce ranar da muke ƙarawa.

Babban haɗarin ma ya wuce karyewar rufi. Duk Ba'are ya san yadda ake yi wa jaki mangala: kaya su sauko ƙasa-ƙasa a ɓangarori biyu, su daidaita, don in aka tula su a tsakiyar gadon baya, ɗan tuntuɓe kaɗan zai zubar da su. Haka mota take. Motar daji tun daga masana'anta doguwa ce, an ɗaga ta don cikinta ya tsere wa rairayi da duwatsu, saboda haka ta fi ƙaramar mota saurin kifewa ko da babu komai a kanta. Ga lissafi mai sauƙi. A ɗauka motar tana da kilo 2,200, cibiyar nauyinta tana santimita 75 daga ƙasa, tazarar tayoyin hagu da dama kuma mita ɗaya da rabi. In aka ɗora buhu biyar, wato kilo 500, a sama da mita biyu kaɗan, cibiyar nauyin za ta haura zuwa mita guda. Da buhu biyar kacal motar ta yi asarar rubu'in ƙarfinta na tsayawa a kan ƙafafunta. Kwanar da take sha lafiya jiya, yau za ta iya ɗaga tayoyi biyu a cikinta.

Lamarin ba ya jiran babban dalili. Saniya ta ɓullo daga gona, direba ya kauce da sauri. Taya ɗaya ta sauka daga bakin kwalta inda ruwa ya zaizaye, ya yi ƙoƙarin dawowa da ƙarfi. Babbar bas ta wuce da gudu, iskarta ta bugi tulin kayan. Iskar hunturu ta kaɗo daga gefe. Da damina a gangara cikin kwari a karkace, ƙasar gefe ɗaya ta lotsa. Tsohuwar taya ta fashe a zafin watan Afrilu saboda lodin da ya fi ƙarfinta. Motar da kayanta ke ƙasa takan yi tangal-tangal ta miƙe. Wadda aka yi wa tuli a ka sai ta kwanta, wani lokaci ta yi ta mirgina. In ta kife, ginshiƙan rufin da suka daɗe suna shan nauyi da tsatsa su ne abin da ya rage tsakanin kawunan fasinjoji da ƙasa. Waɗanda ke zaune a sama ba su da ko wannan. Birki mai ƙarfi kaɗai ya isa ya watso su gaba, su faɗi a gaban motar da ta ɗauko su.

Abin da ake gani a nan an auna shi a wasu ƙasashe. A shekarar 2001 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan ƙananan bas masu ɗaukar mutum 15, bayan ta gano cewa idan mutum 10 ko fiye suna ciki, yawan kifewarsu ya kusa ninka na masu ɗauke da mutane kaɗan sau uku. Cikin shawarwarinta har da cewa kada a ɗora komai a rufinsu. Wannan fa a kan hanyoyi masu kyau ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Waɗannan matasan su ne muke cewa su hau sama don su ne masu ƙarfin riƙo.

Yadda ake ɗora kariyar ma wata masifa ce. Ƙarfen rufin mota siriri ne, bai kai kaurin milimita ɗaya ba a yawancin motoci. Wasu masu walda suna huda shi su ɗaura noti, wasu suna manna ƙafafun kariya da wuta kai tsaye. Wuta tana ƙone fenti ta raunana ƙarfen, huda tana shigar da ruwan damina, tsatsa ta ci wurin a ɓoye. Wasu kuma suna yi wa doguwar kariya ƙafa huɗu kawai, nauyi ya taru a wuri kaɗan har kwararon gefen rufi ya tsage. Daga nan sai a ɗaure da igiya ko robar tsohon tubu a ci gaba da tafiya. Ranar da aka taka birki da ƙarfi, kariya da kayanta su ɓalle su yi gaba, ko su faɗo wa mai babur da ke biye. Mafi muni shi ne jera jarkokin fetur a sama cikin rana, kusa da mutane. In motar ta kife, man da ya zube ya haɗu da tartsatsin ƙarfe a kan kwalta, babu wanda zai samu damar ceto kowa.

Za a ce, ai shekara da shekaru muna yi ba abin da ya faru. Kuɓutar jiya alheri ne na Allah, ba ta zama lasisin yau ba, kuma ƙarfe yana gajiya ne a hankali ba tare da ya yi shela ba. Za a ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya hana mu cutar da kanmu da cutar da wasu, ya kuma ɗora wa kowa amanar abin da aka ba shi riƙo. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure. Idan wanda bai yi niyya ba yana da wannan nauyi a wuyansa, ina ga wanda aka gaya masa lodin ya yi yawa ya ce a ƙara? Za a ce, in ba a cika ba kuɗin mai ba zai fita ba. Sai a lissafa har da tayoyin da ke mutuwa da wuri, da sifirin da ke karyewa, da man da tulin kaya ke ƙara sha saboda iska, da motar da ke zama tarkace a rana guda. Garin neman gira ake rasa ido.

Kariya a kanta ba laifi ba ce, idan an yi ta bisa ƙa'ida. Mai mota ya fara sanin iyakar rufin motarsa da jimillar nauyin da aka halatta mata, wanda ke rubuce a takardarta. A auna kariyar kafin a ɗora, a cire nauyinta daga iyakar, abin da ya rage shi ne na kaya. A kama ta da maƙalai a kwararon gefen rufi ko a wuraren da kamfani ya tanada, da ƙafafu isassu daidai tsawonta, a sa roba tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kada a huda rufi, kada a kai masa wuta. A riƙa duba notuna bayan kowace tafiyar daji, don gargada tana kwance su. Kaya masu nauyi, buhuna da jarkoki da siminti, wurinsu ƙasa ne, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Sama ta tabarmi ce da katifu da kwanduna da sauran marasa nauyi, a shimfiɗe, a ɗaure da igiya mai ƙwari ta gaba da baya da gefe. Direba ya rage gudu, domin gudun da aka ninka sau biyu yana ninka ƙarfin karo sau huɗu. Ɗan Adam kuwa ba ya hawa kariya, ko tafiyar ta kusa ce.

Malam mai walda, sana'arka abin girmamawa ce, kada ka bari a yi kisa da aikin hannunka. In aka ce ka yi kariyar da za ta ɗauki buhu goma, ka faɗa wa mai motar cewa rufinsa ba zai ɗauka ba, ko da zai tafi wurin wani. Alhaji mai mota, kuɗin da kake yanka wa direba ya kawo kullum shi ne ke tura shi yin lodin hauka, don haka alhakin yana fara sauka a kanka. Direba, kai ne ke jin yadda sitiyari ke rawa a hannunka, kai ne za ka fara amsa tambaya gaban hukuma da gaban Allah. Ƴan kamasho da shugabannin tasha, ku ne ke cewa a ƙara ɗaya, ku ne kuma ke da ikon cewa ya isa. Iyaye mata da ke zuwa kasuwa, da ku samari masu tafiya cirani, kuɗinku kuka biya, kuna da haƙƙin sauka daga motar da kuka ga an yi mata tuli. Jiran wata motar ya fi kwanciya a asibitin Dogon Dutsi ko na Dosso, in ma an kai can da rai.

Hukuma ma tana da nata. Dokar ƙungiyar ƙasashen UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta tanadi awon nauyi ga manyan motocin dakon kaya, amma ƙananan motocin kasuwa ba sa hawa sikeli, idon jami'in da ke bakin hanya ne kaɗai ma'auninsu. Jandarmomi da ƴan sanda, motar da ke ɗauke da mutane a rufi ba ta buƙatar bincike, daga nesa ake ganinta, a tsayar da ita a sauke su. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, ANISER, ta kai faɗakarwarta tashoshin ƙauye da garejojin walda da harshen da mutane ke ji. Hukumomin garuruwan Kore Mairuwa, Tibiri, Dumega da Gesheme su zauna da ƙungiyoyin direbobi a tsayar da ƙa'idar lodi a kowace tasha, a kuma matsa wajen gyaran hanyoyin karkara, don rashin hanya ne ke sa motoci kaɗan su ɗauki kayan gari guda. Sarakuna da limamai su yi magana a fada da kan mumbari, tun ba a kai ga zaman makoki ba.

Wanda yake da mota mai kariya ya fita yau ya duba ƙafafunta da notunanta, ya ƙirga abin da ya saba ɗorawa, ya sauke abin da ya wuce ƙima. Wanda ya ga ana loda mutane a sama ya buɗe baki ya hana, ko da ba ɗansa ba ne a kai. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanyoyinmu, ya ba mu ikon gyarawa.