Zauna Mu Yi Maganar Gonar Bakin Titi

Mai sunan Malam, matso kusa, ba faɗa zan yi maka ba. Shekaranjiya da na fita duba gero na tarar da jan fenti a jikin tsamiyar kan iyaka, an kuma kafa turakun siminti huɗu, ɗaya ma a tsakiyar gambar da ta raba mu da maƙwabta. Na tambayi mai unguwa, ya ce ai kai ka raka masu awon, har ka sa hannu a takarda da sunan gidanmu. Abin ya sosa mini rai ƙwarai. A bakinka ya kamata in fara jin wannan magana.

Na san abin da ka hango. An ce maka za a shigar da ƙauyen nan cikin taswirar birni, gonakin bakin titi su koma filin kasuwanci, a gina katafaren rukunin kantuna, samarinmu su samu abin yi. Ban ƙi ba. Ni ma zaman ƙannenka a bakin tasha daga safe har la'asar yana hana ni barci. Na kuma san birni ba ya tsayawa, don da idona na ga dawa ta fi tsayin mutum a Hotoro da Na'ibawa da Rijiyar Zaki, yau ko wurin ɗaure akuya da wuya ka samu. Zai iso mu, ko da kai ko ba kai. Saurin da ka yi ne ya dame ni.

Gonar nan gandu ce, tun rasuwar Malam ba a raba ta ba. Gwaggonninka biyu suna da rabo a ciki. Marayun baffanka suna da rabo, ƙaraminsu ko sakandare bai shiga ba. Wa ya wakilta ka a kansu? Shirun da mace ta yi a ɗakin mijinta bai zama yafiya ba, haƙƙin maraya kuwa kai ma ka san abin da addini ya ce a kansa. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, ɗana, fiye da maganar kuɗi.

Ka yi boko, to ka koma ka duba dokar filaye ta 1978, wadda aka yi zamanin mulkin soja na Obasanjo. Ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna. Muddin muna ƙauye, sha'anin gonakinmu yana wajen ƙaramar hukuma, mai unguwa da dagaci su ne shaidunmu. Ranar da gwamna ya ayyana nan a matsayin birni, magana ta koma ma'aikatar ƙasa, inda ba wanda ya san kakanka. In kuma aka karɓi gona da sunan amfanin jama'a, diyyar da doka ta sani ta abin da ke kan ƙasa ce: shuka, itatuwa, gini, rijiya. Za su ƙirga tsamiya da ɗorawa biyu da mangwaro, su ƙiyasta geron bana, shi ke nan. Darajar da filin zai yi bayan an sauya masa suna, wadda za ta ninka ta yau sau da yawa, aljihun wani za ta faɗa. Shi ya sa dillalai suke ta matsa maka ka gama kafin labari ya bazu. Su la'adarsu suke nema.

Takarda ma ba kullum take tsare mutum ba. Ka tuna shagunan da aka gina a Filin Idi na Kano. Wata gwamnati ta yanka ta sayar, mutane suka zuba dukiyarsu, wata ta zo a 2023 ta sa katafila ta rushe. Kotun tarayya ta ce a biya 'yan kasuwar naira biliyan 30, amma wanda jarinsa ya kwanta ƙarƙashin ɓaraguzai shi ya san daren da ya gani. Maganar aiki kuwa, Shoprite da aka buɗe a Ado Bayero Mall a 2014, mutane na tururuwar zuwa kallo, ta rufe reshen nan a farkon 2024. Shekara goma. Gonar nan ta ciyar da mu tun kafin a haife ni.

To ga abin da nake so. A tara duk mai haƙƙi, maza da mata, kowa ya ji da kunnensa. In an yarda a bayar, kada a karɓi kuɗi zalla, don kuɗin gona ba ya kai damina biyu a hannu. Na ga waɗanda suka sayi babur suka ƙara aure, yanzu suna ƙwadago a gonar wasu. Ku nemi fuloti a cikin sabon awon, da shaguna da sunan magada, a rubuce, da hatimin hukuma, lauya ya karanta mana da Hausa. Alkawarin baki na cewa za a ɗauki yaranmu aiki, a sa shi a takarda, a faɗi mutum nawa.

Sannan ka tambayi masu awon batun kududdufin bayan gona. A taswirar da mai unguwa ya nuna mini, wurin ajiye motoci aka zana a kansa. Duk ruwan da ke gangarowa daga unguwar gabas nan yake kwanciya. In aka cike shi aka malala siminti, ruwan watan Agusta ina zai nufa? Gidajen ƙasa ne a gabansa, na farko kuma na gwaggonka ne. Unguwanni nawa a cikin birni aka cike musu kududdufai, yanzu kowace damina da bokiti suke kwana? Haka burtalin da Fulani ke bi zuwa rafi, in aka toshe shi shanu gonakin mutane za su faɗa, rigimar kuma mu za ta tarar. Maƙabarta ma a bar mata hanyar da makara za ta wuce.

Ban faɗa wa kowa a gida ba tukuna, na bar maka ka faɗa da bakinka. Yau bayan magariba ka je wajen babbar gwaggonka, ka durƙusa ka gaya mata abin da ka sa wa hannu. Za ta yi faɗa, ka yi shiru ka saurara. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ka zo da kwafin takardar, mu tafi wurin dagaci tare, ni zan yi magana a dakatar da awon. Tashi ka je, Allah ya yi maka albarka.